Ɗigon da Na Cike

Ni dai tun farko ban so aikin nan ba. Shekara shida ina zanen tambari da takardun naɗe kaya a wata maɗaba'a, na san irin kwastoman da ke sa wa mutum hawan jini, kuma ƙungiyar gama kai ce gaba a cikinsu. Ɗan kasuwa ɗaya zai kalli zane ya ce e ko a'a, a wuce wurin. Ƙungiya kuwa sai kowa ya tofa albarkacin bakinsa, har wanda ya zo rakiya. To amma wannan ƙungiyar ta su Inna ce, mahaifiyata, mata talatin da ɗaya masu yin sabulu, kuma ita da bakinta ta ce min, "Auta, takardarmu ta tsufa. Kina ta gyara wa bare, mu ma ki gyara mana." Duk wanda ya san Inna ya san ba a ce mata a'a.

Kowace mace takan karɓi mai da soda a ɗakin ƙungiya, ta je gida ta auna ta haɗa sabulunta, in ya daskare ta yanka ta kawo, ta naɗe shi a farar takarda ta buga hatimi. Kowacce da nata hatimin na roba, amma zanen iri ɗaya ne: hannu biyu sun kama juna, ɗigo-ɗigo sun zagaye su kamar zobe. Inna ta ba ni takardu biyar in gani. Tawada ta yi dama-dama, hannuwan sun koma kamar citta, kuma a kowace takarda zoben nan da giɓi, ɗigo ɗaya babu. Na ce a raina, Allah sarki, hatimi ya tsufa har haƙoransa sun fara zubewa.

Kwana huɗu na yi a kai. Na fitar da yatsun suka zama yatsu, na zaɓi kore mai duhu a kan takarda ruwan madara, na jera ɗigon nan a kwamfuta, tazarar kowanne daidai da na ɗan'uwansa. Giɓin kuwa na cike shi. Da na ƙirga na ga talatin da ɗaya, adadin matan ke nan, sai na ji daɗi har da tafa wa kaina.

Ɗakin ƙungiyar dogo ne, benci shida, teburin naɗi a tsakiya, kwalaye jere a jikin bango, ga warin soda da ke kama maƙogwaro. Matan nan ko tsintsiya za su saya sai an ɗaga hannu. An taɓa shafe yini guda ana ja-in-ja a kan launin labule, har yau tagar ba ta da labule. Akwai wata a cikinsu da ake kira Goggo Gardama, wadda ko ce mata aka yi rana ta fito sai ta leƙa waje tukuna. Ita na fi jin tsoro.

Na manna zanen a bango na yi bayani, ina ta fankama. "Kun ga zoben nan? Duk hatiman naku sun zubar da ɗigo, na mayar da shi. Talatin da ɗaya cif. Daga yau ba sauran buga hatimi, ba sauran tawada a hannu. Takarda iri ɗaya ce, kowa ta ɗauka ta naɗe."

Shugabar ƙungiyar, wata doguwar mata mai tabarau, ta kalli ƙasa. Goggo Gardama ta buɗe baki ta ce, "To amma..." sai ta gefenta ta taka mata ƙafa, ta haɗiye sauran.

"A ɗaga hannu," in ji Shugaba.

Inna ce ta fara ɗagawa. Sauran suka bi, ɗaya bayan ɗaya, har Goggo Gardama. Ko minti goma ba a yi ba. Na fito kaina ya kumbura, ina cewa yau na yi abin da labule ya kasa.

A maɗaba'a, Baba Mai Inji, tsohon da ke buga mana aiki, ya jera tsofaffin takardun nan biyar a kan teburinsa ya daɗe yana kallo.

"'Yata, hatimi in zai cinye, gefen da ake dannawa yake ci. Waɗannan kowanne giɓinsa wuri daban. Kin tambaya kuwa?"

"Baba, mata talatin da ɗaya sun ɗaga hannu. Kai dai ka sa kore ya fito da kyau."

"Ruwa dai ba ya tsami banza," ya ce, ya kunna injinsa. Dubu goma muka buga, kuma wallahi sun yi kyau.

Bayan wata biyu, ranar wata Talata da hantsi, na kai musu kashi na biyu na takardun. Ana cikin naɗi, ana raha, ana tsokanata wai yaushe zan zana katin bikina, sai ga Mai Kanti, wanda shi ne babban mai sarar sabulunsu, ya turo baro har bakin ƙofa. Kwali takwas ne a ciki, duk da koren tambarina. A bayansa akwai wata mata, hannuwanta biyu naɗe da tsumma. Ko zama bai yi ba.

"Wannan baiwar Allah wankau take yi, da shi take ci da 'ya'yanta. Nuna musu."

Matar ta sa haƙori ta warware tsumman. Innalillahi! Fatar yatsun ta saluɓe, tafin hannun ja zur, tsakanin yatsu ya tsattsage yana ruwa. Wata a kusa da ni ta saki ƙara.

"Na ji yana ci na," in ji matar, muryarta ƙasa-ƙasa, "amma kayan mutane ne a gabana, na ce bari in ƙarasa. Kwana shida ke nan ban taɓa ruwa ba."

"Soda ce ta yi yawa," in ji Mai Kanti. "Ba yau aka fara ba, kuma ba abin faɗa ba ne a da. Shekara goma sha biyu ina sayar da sabulunku. In ya ɓaci, in duba giɓin ɗigo, in ƙirga daga babban yatsa, in ce na ta tara ne ko na ta ashirin. A janye nata kaɗai, sauran a ci gaba da sayarwa. Yanzu fa? Na juya takardar nan gaba da baya, duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Wanne zan janye, wanne zan bari? Ga kayanku. In alamar ta dawo, ku neme ni."

Ashe giɓin nan sa hannu ne. Kowace mace da ɗigonta a zoben, kuma a hatiminta an yanke nata da reza, don wadda ba ta karatu ma ta gane sabulun wa ke hannunta. Shi na zauna kwana huɗu ina gogewa, har da tafi. Garin neman gira na rasa ido, kuma ba nawa kaɗai ba.

Na juya ina neman wadda za ta zage ni, ko na samu sauƙi. Babu wadda ta kalle ni. Shugaba ta cire mayafinta ta rufa wa matar a kafaɗa, ta sa mutum biyu su kai ta asibiti, sannan ta ce jibi za a zauna. Na dubi Inna. Tana zaune a kan bencinta, fuskarta wajen ƙofa, ko gezau. Mace ta nuna hannu irin wannan, kowa ya razana, ita ko ido ba ta ƙifta ba. Abin ya ba ni haushi ƙwarai.

Washegari da safe na tafi gidanta maimakon wurin aiki. Na same ta a tsakar gida, a rumfar da take haɗa sabulu: ga robar mai, ga buhun soda, ga sikelinta mai allura a kan turmi kife. Na gaishe ta sama-sama, don a cike nake fam.

"Inna, me ya sa ba ki gaya min ba? Ke kika ba ni takardun nan da hannunki."

Ta ɗan jima tana shafa bakin robar, sannan ta ce, "Hannun matar nan, ya yi muni sosai?"

"Kamar yaya ya yi muni? Ba a gabanki ta kwance shi ba? Taku huɗu ne tsakaninku."

Na matsa kusa na tsuguna na kalli idonta da kyau, abin da na jima ban yi ba. Wani fari-fari ne kwance a kan baƙin, duka biyun. Na ɗaga hannuna a gefen fuskarta na kaɗa. Ba ta juyo ba.

"Inna, allurar sikelin nan a kan nawa take?"

"Ke, kar ki maishe ni 'yar makaranta."

"A kan nawa take, Inna?"

"Shekara talatin ina auna soda. Hannuna ya san nauyinta."

"Inna!"

"Ba na ganinta," ta ce. "Tun bara. Yanar ido ce. Kin ji daɗi?"

Na zauna a ƙasa daɓas. Ni da nake cika baki wai ko layi ya karkace da faɗin gashi a takarda sai na gani, duk mako ina zuwa gidan nan, ban ga uwata ta daina gani ba. Ta san gidanta da ƙafa, ta san mutane da murya, in na miƙa mata waya ta ga hoto sai ta ce ya yi kyau. Ni kuma ba yabon nake nema ba? Shi ke nan sai in mayar da wayata jaka.

Sauran ta faɗe shi ba tare da na tambaya ba. Ƙungiya na da doka: wadda sabulunta ya dawo sau uku, ta fita. Ita ta kawo dokar ranar da aka kafa ƙungiyar, shi ya sa ɗigonta ne na farko daga babban yatsa. Bara nata ya dawo sau biyu. Saura ɗaya.

"Na san halinki," ta ce. "Tun kina ƙarama ba kya ganin abu a karkace ki bar shi. Na san in na ba ki takardun ban ce komai ba, za ki cike giɓin."

"Wato da gangan."

"Na ce ko zan samu shekara ɗaya, kafin a yi min aikin idon. Na rage yawan da nake yi, ina aunawa sau biyu..."

"Kina auna abin da ba kya gani sau biyu!" Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. "Da ni kika ɓuya, Inna. Kika bar ni na tsaya gaban iyayena ina zuba kamar kanya, ina alfahari da ɓarna. Matar nan fatar hannunta ta saluɓe, kin ji? Ta saluɓe! Tun da kin tambaya, ga amsa."

Ta runtse ido. Ba ta yi kuka ba, Inna ba ta kuka a gaban 'ya'yanta.

"In na fita daga ƙungiyar nan, Auta, ni wace ce? Tsohuwa ce a tsakar gida tana jiran a kawo mata."

Haushinta nake ji, tausayinta nake ji, kuma duka biyun sun yi min yawa. Na ɗaure bakin buhun sodar na kai shi ɗaki na kulle, na tafi da makullin.

Ranar zaman, tun a hanya na gama yanke shawara. Babu mai iya gane sabulun wa ne, wannan kam na tabbatar da shi da hannuna. In na ɗauki laifin, na sake buga musu takardu kala talatin da ɗaya kowacce da giɓinta, na riƙa zuwa ina auna wa Inna soda, magana ta mutu. Ni ba 'yar ƙungiya ba ce, ba abin da za a kore ni daga ciki.

Ɗakin ya cika, kwalayen nan takwas a kan tebur. Shugaba ta ce matar tana samun sauƙi, likita ya ce wata guda kafin ta koma wanki, kuma ƙungiya ta ɗauki nauyinta har ta warke. Tana rufe baki na miƙe.

"Iyayena, laifina ne. Ban tambaya ba, na goge abin da ban san amfaninsa ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Ku yafe min, zan gyara."

"Zauna, Auta," in ji Goggo Gardama.

"Goggo, ban gama ba."

"Na ce ki zauna. Wata biyu ina haɗiye magana, ta kusa zame min ƙari a wuya." Ta miƙe tana gyara ɗaurin zaninta. "Ke a ganinki mata talatin da ɗaya za su manta ɗigonsu rana ɗaya? Ni da ko sunana ban iya rubutawa ba, ɗigon nan shi ne sunana. Na ga kin shafe shi, na ɗaga hannu. Kin zaci don korenki ya yi kyau ne?"

"Goggo, ya isa," in ji Shugaba.

"Bai isa ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mun san uwarki ba ta gani. Duk mun sani. Tun ranar da ta buga hatimi a kan tebur tana zaton takarda ce. Muka ce saura mata ɗaya, in takardar 'yarta za ta rufa mata asiri, a bar ta ta rufa. Muka yi ta tura mata masu taya ta awo da sunan hira, tana korarsu. Mu muka ɗaga hannu, mu muka ƙona matar nan, ba ke ba."

Na juya na kalle su benci-benci. Babu wadda ta musa. Ashe a ɗakin nan ranar ni kaɗai ce ban san abin da ake zaɓa ba. Sai na kalli Inna, na ga ashe mu biyu ne. Bakinta a buɗe, hannunta ya kama gefen benci.

"Kun sani?" ta ce. "Ni na zaci kunyar idona kuka ji, don 'yata ce ta zana."

"Yaya," in ji Shugaba a hankali, "ke kika koya wa rabinmu sana'ar nan. Ba wadda ta ce sabulunki ne. Ba yadda za a gane. Ki bar haɗawa, ki dawo teburin naɗi, kina nan a cikinmu, shi ke nan."

Inna ta miƙe. Ta ɗan yi tangaɗi, na kai hannu, ta ture shi.

"Nawa ne," ta ce. "Kun sani, na sani. Na uku ke nan."

"Yaya, don Allah..."

"Shekara takwas da suka wuce, aminiyata hannunta ya fara rawa. Nata ya dawo sau uku. A ɗakin nan ta yi kuka, ta ce a bar ta ko shara ce ta riƙa yi. Wa ya tashi ya ce doka doka ce? Ni. Har ta koma ga Allah ba ta sake taka ƙofar gidana ba. Yau kuma a ce an samo min teburin naɗi? Shugaba, ki yi aikinki."

Shugaba ta cire tabarau ta goge, ta mayar. "Masu cewa a bi doka, su ɗaga hannu."

Inna ta ɗaga nata. Shi kaɗai ne a sama. Sauran kowacce ta tusa nata a cinya, wasu na share hawaye da bakin mayafi. Ta tsaya a haka tana juya kai dama da hagu, sai na gane me take yi. So take ta ƙirga, ba ta iyawa.

"Auta."

"Na'am, Inna."

"Hannu nawa ne a sama?"

Na duba bencin gaba da na baya. "Ɗaya."

"To ba zan sauke ba. Ki riƙa gaya min."

Tsohuwa ce, kafaɗarta na ciwo tun ba yau ba. Hannun ya fara karkarwa, ta sa ɗayan ta tallafe gwiwarsa. Babu mai motsi. Goggo Gardama ta kalle ta, ta kalli kwalayen da ke kan tebur, ta fashe da kuka kamar yarinya, ta ɗaga hannu.

"Biyu," na ce.

Shugaba ta bi. Sai ta kusa da taga, sai biyu a bencin baya. Ina ƙirgawa da ƙarfi, kowace lamba kamar ina cire ta daga haƙarƙarina, ita kuwa tana gyaɗa kai. Tara. Goma sha biyu. Na ɗan tsaya a sha biyar ina addu'a a tsaya a nan, don a cikin talatin da ɗaya sha shida ne rinjaye, kowa a ɗakin ya san haka. Wata da Inna ta koya wa sana'a tun tana amarya ta rufe fuskarta da hannu ɗaya, ta ɗaga ɗayan.

"Sha shida, Inna."

Ta sauke hannunta. Ta lalubo mayafinta a kan benci ta yafa, ta ce musu Allah ya yi albarka, a kula da matar nan. Sannan ta juyo wajen da ta ji muryata, ta miƙo hannu a gaban kowa.

"Zo ki riƙe ni, Auta. Ban san inda ƙofar take ba."